Ni da Kushin Mai Ruwan Madara

Wai Malam maigidana ya sani ne ya ƙyale ni, ko shi ma bai sani ba? Na tambaye shi yana da rai, ya yi ta dariya har da riƙe ciki, bai ba ni amsa ba. Yanzu yana kwance inda ba a tambaya, Allah Ya haskaka makwancinsa, ni kuma an bar ni da tambayar a baki. Abin da na tabbata shi ne, ko tsufa zai kwashe mani komai, ba zan manta ranar da aka kawo lefen Saude ba.

Saude autata ce, malamar makaranta, kuma ita ce ke rubuta wannan maganar, don ni biro bai taɓa zama a hannuna ba. Ta ce tun da Malam ya rasu kullum cikin kuka nake, gara in ba da labarin da zai sa ni dariya. To ga shi. In kuka ya zo mani a tsakiya ku yi haƙuri, haka nake yanzu.

Mu mutanen ƙauye ne, can wajen Daudawa. Da zaman ƙauye ya gagara muka tattaro ya-namu-ya-namu muka dawo cikin Faskari. Babban ɗanmu da ke aiki a Kaduna (na fari ne, ba na faɗin sunansa) ya gina mana gida, ɗakunan kwana da wani ɗaki mai faɗi da ya ce sunansa falo. Na ce me ake yi a ciki? Ya ce zama. Na ce ɗaki guda sukutum, ba a kwana, ba a ajiye hatsi, sai zama kawai? Ya ce haka ake yi yanzu, Inna.

A gari ba mu da rumbu, buhunan masara da dawa a ɗakin zaure muke jibge su. Mai gadinsu kuwa kyanwar Malam ce. Ya je kasuwar Sheme sayar da rago, ya dawo da ita a aljihun riga tana ƴar mitsitsiya, shi ya sa muke ce mata Ƴar Sheme. Fara ce, kunne ɗaya baƙi. In zai tafi masallaci ta raka shi har bakin ƙofa ta jira. In an kawo tuwo, lomar farko tata ce. Ni da na tsufa ina tuƙa tuwon nan ban taɓa samun lomar farko ba.

Da aka sa ranar auren Saude da wani yaron kirki ɗan Sabuwa, babban ɗanmu ya bugo waya ya ce kada masu kawo lefe su tarar da falo wayam. Mu je Ƙanƙara wurin wani kafinta da ya sani, mu zaɓi kujerun da muke so, shi zai ji da sauran.

Muna shiga shagon idona ya faɗa kanta. Doguwar kujera ce da ƙannenta biyu, ruwan madara, yadin mai laushi kamar bayan ɗan tsako, hannuwan an yi masu ado da ruwan zinari. Ba ta da ƙafafu, zaune take daram a ƙasa kamar matar attajiri. Na shafa ta na ji har cikin raina.

Kafinta ya ga yadda nake shafawa ya matso. "Inna, kin iya zaɓe. Irin wannan Abuja ake kai su."

Na juya in nuna wa Malam, sai na hange shi a durƙushe, dattijo da rawaninsa, yana leƙen ƙarƙashin wata kujerar katako. Ya miƙe ya sa farce yana kartar yadinta. Yadin kuwa ruwan ƙasa, mai kauri, ka ce buhu aka yanka.

"Mutuniyar Ƴargoje," ya ce (haka yake kirana, don can aka haife ni), "zo ki ga wannan. Farce ba ya kama ta. Ga ƙafafu dogaye, Ƴar Sheme za ta shiga ƙarƙashi ta fita, ke ma tsintsiyarki za ta shiga. Rigar matashin kuma cirewa ake a wanke."

Na ce, "Malam, lefen Saude za a kawo ko na kyanwa?"

"Ai gidan nata ne ita ma."

"Wannan da ka zaɓa irin ta ɗakin jiran likita ce. So kake mutanen Sabuwa su ce asibiti suka zo?"

Kafinta ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba. Malam ya dubi mai ruwan madarar, ya zagaya ta, ya tura ƙafa ya ga ko yatsa ba ya shiga ƙarƙashinta. Ya ce, "Wannan in kyanwa ta hau sau ɗaya ta gama da ita."

"Ba za ta hau ba."

"To ɗauki wadda ranki ke so. Ke za ki zauna."

Ashe ni ma ba zan zauna ba.

Aka ɗoro kujeru a akori-kura har Faskari, kowace a naɗe cikin ledarta. Na hana a cire ledar. Na sa aka shimfiɗa kafet ja, aka rataya labule mai fulawa, da agogon bango, da hoton Ka'aba a sama. Na jera tsofaffin tasoshina na aure a kan kantar jere, na goge su da toka har suna ɗaukar ido. A tsakiya ɗan tebur na katako, a kansa fulawar roba cikin kwalba. Da na gama na tsaya bakin ƙofa na duba, wallahi sai na ji kamar in yi sallama kafin in shiga.

Daga nan na sa doka. Ba mai shiga falo sai ranar lefe. Na saya masa kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanina. Malam ya koma kan buzunsa a gindin bango, yana jin rediyo a ƙofar ɗakin da aka gina masa don ya zauna. Wani lokaci ya ce, "A ba mu aron falo mu sha shayi mana." In ce, "Shayi? A kan ruwan madara?"

To ga inda na yi wa kaina. Lokacin kaka ne, an kawo mani gyadata daga gona, wadda na ware ta iri. Malam mutum ne da in ya ga gyada hannunsa ba ya jin magana, ga kaji, ga akuyar maƙwabta. Na duba duk gidan, ba inda ya kai falo tsaro. Na ja buhun na cusa shi bayan doguwar kujera, na ƙara da ƙullin ƙuli-ƙuli, na rufe ƙofa ina jin daɗin wayona. Da can ƙarƙashin gado muke ɓoye irin wannan, na ɗauka duk ɗaya ne.

Ba a daɗe ba Ƴar Sheme ta tare a ƙofar falo. Ta sa hanci a ƙasan ƙofa, ta yi ta kartar katakon tana kuka. In kore ta da tsintsiya, in juya ta dawo.

Malam ya ce, "Ki bar ta ta leƙa mana."

Na ce, "Baƙin ciki ne ke damunta. Ta ga abin da ya fi ƙarfinta."

Ya dube ni, ya dubi kyanwar, ya ƙara muryar rediyonsa. Wannan kallon ne har yau nake juyawa a raina.

Ina shiga dai lokaci-lokaci in share tsakar kafet, in goge ƙurar kan leda, in fito. Matsar da kujera kuwa ban taɓa yi ba, don ta fi ƙarfina, kuma ban ga dalili ba.

Ranar lefe ta zo. Tun da safe na cire ledar da hannuna. Na ɗan ji wani wari-wari, na ce rufewar ɗaki ce, na cika kasko da turaren wuta har hayaƙi na fita ta taga. Na kama Ƴar Sheme na tura ta akurkin kaji na toshe da dutse. Na ci ado da atamfar da ban taɓa ɗaurawa ba. Kitsona ne dai ba a ƙarasa ba, mai kitso ta yi rabi aka kira ta haihuwa, na ce ba komai, ɗankwali zai rufa asiri. Saude tana gidan ƙawarta kamar yadda aka saba, Malam yana ƙofar gida da maza. (Ke Saude, daina dariya ki rubuta, ai ba a zo wurin ba tukuna.)

Mutanen Sabuwa suka iso da hantsi, don kowa na so ya koma gida da sauran rana. Mota cike da mata da akwatuna, ana ta guɗa. Shugabarsu gwaggon ango ce, Hajiya Kulu, mai sayar da atamfofi. Mace ce Allah Ya yi mata jiki, ga baki. Tun kafin ranar an gaya mani in ta raina gida, duk Sabuwa sai ta ji, kuma maganarta ake bi a danginsu. Abin da nake tsoro ke nan. Mu baƙi ne a gari, ba na so a ce yarinyar ƴar ƙauyawa ce da ba su san komai ba.

Na buɗe falo. Suka shiga, sai wata ta ce, "Ma sha Allah!" Hajiya Kulu ta shafa hannun doguwar kujera.

"Inna, wannan a Kaduna aka yi ta?"

"Nan Ƙanƙara ne, Hajiya. Irin waɗanda ake kaiwa Abuja."

"Kin more. Ni nawa kyanwa ta yayyage su tas. Ba abin da na tsana a gida irin kyanwa."

Da na yi shiru da ba komai. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ai mu ba mu ajiye ta, Hajiya. Me za mu yi da ƙazanta? Gidan nan ba kyanwa ko ta magani."

Ƴan'uwana mata da suka zo taya ni karɓar baƙi suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na miƙa hannu na ce, "Bismillah, Hajiya, ke za ki fara zama. Ba wanda ya taɓa zama a kanta."

Ta gyara mayafi, ta juya, ta saki jikinta gaba ɗaya.

Kujerar ta haɗiye ta. Ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba. Yadin sama lafiyarsa ƙalau, amma soson ciki an cinye shi, ba komai sai rami. Hajiya ta nutse har gwiwoyinta suka zo daidai haɓarta, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi tsalle ya bugi tasoshina. Ta ce, "Innalillahi!" Sai muka ji tsuwwa daga ƙarƙashinta.

Ɓeraye. Jama'a, ɓeraye! Manya da ƙanana, sun yi ƙiba da gyadata har suna sheƙi. Suka ɓarko ta baya, ta gefe, ta tsakanin ƙafafun Hajiya. Ɗaya ya bi labule ya hau, ɗaya ya faɗa cikin akwatin da aka fara buɗewa ya shige tsakanin atamfofi. Mata suka watse, wata ta haye taga, wata ta rungumi wadda ba ta sani ba, mai guɗa ta saki wata irin ƙara da ba guɗa ba ce. Hajiya Kulu na cikin rami tana ta harba ƙafa tana cewa, "Ku ciro ni! Suna motsi! Wallahi suna motsi!"

Ni kuma ina? Ni da na yi shekaru ina sallah a zaune saboda ciwon gwiwa, ban san lokacin da na tsinci kaina tsaye a kan tebur ba. Ƙafata ta ture jug ɗin zoɓon da aka ajiye wa baƙi, ya tuntsure kan mai ruwan madarar nan ya mai da ita ja. Ɗankwalina ya faɗi. Ga ni a sama, kowa na ganina, rabin kai kitso, rabi furfura a tsaye kamar audugar da ba a kaɗa ba. Wani ƙaton ɓera ya kama ƙafar tebur zai hau. Sai na buɗe baki da iyakar ƙarfina:

"Malam! Malam! Sako Ƴar Sheme! Tana akurki!"

Daga cikin rami Hajiya ta ce, "Wace ce kuma Ƴar Sheme?"

Sai ga muryar Malam a bayan labulen ƙofa, don ba zai shigo cikin mata ba. Muryar na rawa, na san dariya yake dannewa. "Salamu alaikum. Ga ta nan, a yi mata hanya."

Ta shigo da gashin kaza a kai. Ba ta dubi kowa ba. Ta cafke na ƙafar tebur, ta yar, ta faɗa akwati ta fito da na ciki, ta bi labule ta sauko da wancan. Sauran suka yi ta kansu ta ƙofa. Da ta gama ta ɗauko mafi girma a baki, ta zo ta ajiye shi a gaban teburin da nake tsaye, ta zauna tana kallona.

Mata huɗu suka kama Hajiya suka ja. Ta fito da ɓawon gyada manne a bayan zaninta, wani na zuba daga mayafi. Aka ja kujerar gefe, ga buhuna ya zama raga, ga ɓawo tuli guda. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za su rufe akwatunansu su koma, na kashe wa ƴata aure da bakina da gyadata. Ina so in sauko, gwiwa ta tuna ciwonta ta ƙi.

Hajiya Kulu ta karkaɗe zani. Ta dubi kyanwa, ta ɗaga kai ta dube ni a sama.

"Inna," ta ce, "wannan da ba ku ajiye ba, wa ya koya mata aiki haka?"

Na ce, "Ta Malam ce, Hajiya."

"Gyadar fa?"

"Tawa ce."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana buga cinya, hawaye na zuba. Duk ɗakin ya ɗauka. Ita da kanta ta miƙo mani hannu ta sauko da ni, ta ɗauki ɗankwalina ta ɗaura mani, tana cewa, "Rufe, rufe, kada surukai su gani." Ta raɗa mani cewa ita ma cikin tsohon firjinta take ɓoye kilishi saboda Alhajinta.

Tabarmi muka shimfiɗa a tsakar gida, a gindin dalbejiya, a nan aka buɗe lefen. Aka ci waina, aka yi guɗa ta gaskiya. Da za su tafi na ba da tukwici, Hajiya ta ce ita nata tukwicin daban ne: in Ƴar Sheme ta haihu a ajiye mata ɗiya ɗaya. An kuwa kai mata. Har yau in ta bugo wa Saude waya sai ta ce, "Ina Inna mai tebur?"

Da yamma na zauna a bakin murhu na ƙi kallon kowa. Malam ya zo ya tsaya a kaina. Na jira faɗa, ko ya ce ai ya gaya mani. Sai ya ce, "Ashe gwiwa ta warke. Gobe sai a yi sallah a tsaye." Na jefe shi da marar tuwo, ya kauce yana dariya. A nan ne na tambaye shi ko ya san abin da kyanwar ke shinshina, ya ƙara wata dariyar ya fita masallaci.

Bayan biki muka koma Ƙanƙara. A shagon na bar wa Malam zaɓi. Malam ya durƙusa ya leƙa, ya karta da farce, aka ɗoro mana ta katakon nan mai kama da ta asibiti. Na kwance makulli daga bakin zanina, kwaɗon ma na ba maƙwabciya ta sa wa ɗakin awakinta. Abin da na koya kuwa, duk ɗakin da ka hana mutanen gida shiga, wasu za su tare a ciki, kuma ba za su yi maka sallama ba.

Falon ya zama wurin zaman kowa. Jikoki suka zubar da koko a kan matashi, na cire riga na wanke. Ƴar Sheme ta karci yadin iyakar son ranta, bai nuna ba. Malam ya sha shayinsa a kai safe da yamma, ita tana naɗe a gefensa. Ni dai ban iya zaman kujera ba, tabarmata nake shimfiɗawa a ƙasa kusa da ƙafafunsa ina tsinkar zogale, muna hira. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na yi a duniya, ban sani ba sai da suka wuce.

Da ciwo ya kama shi bara ya ƙi kwanciya a ɗaki. Ya ce a bar shi a falo inda zai riƙa ganin masu shiga da fita. A kan doguwar kujerar nan ya yi jinyarsa. Ya rame har ba ya cika rabinta. (Bari in share fuskata. A'a, kar ki tsaya, rubuta.)

Ranar da zai tafi, da hantsi ne, ina ƙasa a kan tabarma ina dama masa kunun da na san ba zai sha ba. Ƴar Sheme ta yi tsalle ta haye kan ƙafafunsa. Na ga kamar za ta yi masa nauyi, na ɗaga hannu zan kore ta. Ya buɗe ido. Bayan maganar da ya yi mani a nan bai ƙara magana da kowa ba sai kalmar shahada, wannan kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Nawa rabon shi ne da ya ɗan matsa jikin bango da ƙyar, ya dafa gefen matashin da tafin hannunsa, ya ce:

"Ƙyale ta, ba ta da nauyi. Ke ma taso daga ƙasan nan ki zauna, akwai wuri."